Ƙwaron da Na Wanke daga Laifi

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa muku da bakina: wawan wannan labari ni ne, kuma wawa ɗan firamare, wanda ya fi kowane iri wuyar sha'ani. Jiya na ga ɗan siririn ƙwaron nan mai ja da baƙi a bakin randa, ya ɗaga wutsiya kamar mai neman faɗa, shi ya tuno mini.

Ƙarshen damina ne, gero ya nuna, gidanmu na Getso sai warin danshi da hayaƙin ɗanyen kara. Akwai taubashiyata, 'yar goggona da aka kawo riƙo daga Kabo, ita ke goyon jaririn matar baffa. Wata safiya aka ga jan layi a wuyan yaron, ya taso ya yi ruwa, sak ƙunar wuta. Uwar ta ce itacen murhu aka ɗana masa. Baffa bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi ranar kasuwa a mayar da yarinya gidan ubanta, a kuma gaya musu dalili. Ku da kuka san ƙauye kun san irin wannan dalili yana bin mace har furfura.

Yarinya ta daina cin abinci. Kakarmu Iya ce kaɗai ta tsaya mata. Ta kakkaɓe zanen goyo, ta kawo ƙwaron a murfin kwano.

"Ga mai laifin," in ji ta. "Ɗan kunama ne."

Baffa ya leƙa ya ce cinnaka ne, cinnaka kuwa cizo yake, ba ƙuna ba.

Sai aka kira masanin gida, wato ni. Lokacin malaminmu, wani mutumin kudancin Kaduna, ya koya mana ƙirga ƙafafun halitta, ni kuwa ko kaji ban ƙyale ba. Na sa tsinke na juya shi. Ƙafa shida, ke nan ba shi da haɗi da kunama. Ba shi da tsukakken ƙugu irin na cinnaka. Na zungure bayansa, sai ga fiffike ya ɓullo daga ƙarƙashin wani guntun ɓawo. Na yanke hukunci cewa ɗan'uwan buzuzu ne, riga ce ta yi masa kaɗan. Har yau ban janye wannan ba, a rubuta.

"Iya, ba shi da ƙarin harbi," na ce. "Wannan ko kuka ba zai sa jariri ba."

"Kai dai ajiye shi."

Ban ajiye ba. Na ɗora shi a kunci na murje, na shafa har gindin kunne don kowa ya shaida. Baffa ya gyaɗa kai ya fita. Taubashiyata ta dube ni, ta shiga ɗaki ta fara ƙulle kayanta.

Ranar lafiya lau na wuni ina taƙama. Washegari wurin ya ɗauki raɗaɗi, na koma bayan rumbu ina shafa toka, don gara zafi da a ce ni malam na yi kuskure. Safiyar kasuwa ƙullin yarinya yana zaure, baffa yana ɗaure wa jaki kaya. Yunwa ta fito da ni. Iya ta kama ni da kunne har tsakar gida, ta jera kuncina da wuyan jaririn. Layi ɗaya, ruwa ɗaya. Matar baffa ta daɗe tana kallo, sannan ta tafi zaure da kanta ta dawo da ƙullin.

Yanzu yara waya suke nuna wa ƙwaro, ta faɗa musu sunansa har da na kakansa, ba mai ba da fuskarsa. Taubashiyar tawa ta tsufa a Gwarzo. Da sallar bana na tara jikokinta ina gaya musu gwaji ne na shirya da gangan, ilimi ne ya ceci kakarsu. Ashe tana ji daga kan darduma. Ko carbinta ba ta ajiye ba.

"Malam, ji tsoron Allah. Ƙwaro ne ya yi rubutun, kai allo ne kawai."