Kwalbar Maganin Tarin da Ta Tona Mini Asiri

Na miƙa mata kwalbar maganin tarin yara, na ce ta karanta mini cokali nawa ake ba ɗan shekara biyu.

Jiya ke nan a kemis ɗina da ke Damba. Wata yarinya ce, neman aiki ta zo tun daga Tsafe, da takardar gama sakandare. Turanci, Lissafi, Kimiyya, duk ta ci.

Ta juya kwalbar, ta sake juyawa. Bakinta na motsi, amma ko kalma ɗaya ba ta fita ba.

Raina ya ɓaci, don a shagon magani kuskuren cokali ɗaya sai ya raba uwa da ɗanta. Na ce, "Wai wane marar tsoron Allah ne ya koyar da ku?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, ba ka gane ni ba? Ranar jarrabawa ai kai ka rubuta muna amsa ga allo, ka ce mu kwafa, taimakonmu kake."

Gaskiya ta faɗa. Na koyar a Tsafe kafin na buɗe shagon nan. A lokacin har albarka iyayen ɗaliban suka riƙa sa mana.

Ban ɗauke ta ba. Ta ninke takardar a hankali, ta mayar cikin leda, ta yi mini godiya. Godiyar nan ce ta hana ni cin abinci.

Malamai 'yan uwana, ku faɗa mini tsakani da Allah: waninmu zai yarda ɗalibin da ya yi wa irin wannan taimako ya auna wa ɗansa magani?