Shuɗin Dutsen Da Na Fasa A Jos

Ana idar da sallar asuba muka nufi tashar Zariya, ni da abokina, muka shiga ƙaramin jirgin ƙasan nan mai zuwa Jos. Alkawari ne ya fitar da ni. Na gaya wa yarinyar da zan aura cewa kafin biki sai na kawo mata dutse mai haske daga ƙasar kuza, irin wanda masoya ke samowa a littattafan da nake karantawa. Ta yi dariya, amma ta ce tana jira.

Jirgin ba ya sauri. Da muka fara hawan tudu bayan Jengre, abokina ya rantse zai iya sauka ya sayi gyaɗa ya dawo ya tarar da mu. Can sai ga duwatsu manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka jera su. Da muka isa Jos, kawuna, wanda heluma ne, wato shugaban leburori, a wajen haƙar kuza, ya sauke mu a Tudun Wada, aka cika mu da dankalin Turawa, abin da a garinmu sai gidan manya.

Washegari ya kai mu rami. Ban taɓa ganin cikin ƙasa haka ba: ja, rawaya, fari, hawa-hawa, leburori na haurowa da kwanuka a ka. A bakin ruwa wata tsohuwa na juya ƙwarya, yashi mara nauyi yana bin ruwa, baƙin yana kwanciya. Ta zuba mini kaɗan a tafin hannu, na ji kamar ƙarfe aka ɗora mini. Kawu ya ce wannan baƙin shi ne kuza, in an narka shi, fari fat yake fitowa.

Kwana uku ina bin gefen ruwan, duk abin da ya ƙyalla sai na ɗauka. A na huɗu tsohuwar, wadda ta ji labarin alkawarina, ta ƙwala mini kira: "Ɗan Zariya, zo ka ga na amarya!" Dutse ne kamar babban yatsa, shuɗi-shuɗi irin na sama bayan an ɗauke ruwa, gefensa a miƙe sumul.

Na ce, "Iya, wa ya sassaƙa shi?"

"Wa fa? Haka Allah ya gina shi a ƙasa."

Kawu ya ce tofas ake kiransa. Ya sa wuƙa, ba ta yi masa komai ba. Dutsen kuwa ya tsaga layi a jikin kwalba.

A nan na yi wautata. Na taɓa karanta cewa dutse mai daraja guduma ba ta fasa shi, kuma ina son in gaya wa yarinyar na gwada. Kafin kawu ya buɗe baki na ɗauki guduma na buga. Tas! Ya rabu biyu.

Kawu ya ce, "Kai, ɗan nan! Don wuƙa ba ta cinsa aka ce maka yana jure duka?"

Tsohuwar ta ɗauki ɓarin ta nuna mini. Wurin da ya rabu shafe yake kamar madubi. Ta ce duk irinsa ta nan yake rabuwa, a kwance, ba kamar farin dutse ba mai fashewa irin ta kwalba. Kawu ya ce wani mai awon ƙasa ya gaya masa ƙwayoyin cikinsa a jere suke sahu-sahu, ni kuwa tsakanin sahu biyu na buga. Na daɗe ina kallo. Ashe har cikin dutsen da ke binne akwai tsari!

Na ƙara kwana biyu ina nema, ban sami wani ba. Haka na dawo Zariya, na miƙa wa yarinyar fasasshen dutsen a zauren gidansu tare da gaskiyar abin da ya faru. Ta ɗaga shi a haske, ta jujjuya shi. Sannan ta ɗaure babban ɓarin a bakin mayafinta, ta tura mini ƙaramin.

"Riƙe wannan, Malam. Duk ranar da ka ji kana son gwada ni, ka fara dubansa."

Abin da Jos ta koya mini ke nan: abu mai kyau saninsa ake yi a hankali, ba a tambayarsa da guduma.