Kantar Sama a Shagon Manasseh

Duk wanda ya san Sanda Jumare ya san shi da rashin zama wuri ɗaya. Ko a masallaci, kafin liman ya shafa addu'a ƙafarsa ta fara rawa. Aikin injiniyan ruwa ya karanta a Salford, ya samu aiki da council, wato ƙaramar hukuma, a yankin Manchester, ya ɗauko matarsa Rahmatu daga Zariya. Ana cikin haka gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da shi. Ya kwashi iyali zuwa Birmingham, ya yi ta buga-buga, har ya ƙare a shagon jaridu na Manasseh, wani mutumin Kafanchan mai shegen tsokana, a kan Bristol Road cikin Selly Oak.

Ranar farko Manasseh ya dube shi sama da ƙasa, ya ce tunda Allah ya hore masa tsawo, kantar sama tasa ce. Sanda har daɗi ya ji. A gidan da ya tashi, sama wurin daraja ce. Can ake ajiye Alƙur'ani, kuma ko hula ba a ɗorawa a kansa. Ya ɗauka manyan littattafai za a danƙa masa. Da ya yanke igiyar ƙunshin da aka miƙo masa ya ga abin da ke ciki, sai ya yi salati ya ja da baya har ya ture kwandon burodi.

Mujallun samari ne. Ba irin na tsiraici tsagwaronsa ba, a ciki akwai labarin ƙwallo da motoci, amma kowane bango sai ka ga mace sanye da abin da ba za a kira shi tufa ba. Manasseh ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce masa a ƙasar nan sama ba girmamawa ba ce. Ƙa'idar sana'ar ce a ɗaga su inda idon yaro ba zai kai ba, a kare bangon, suna kaɗai ya leƙo.

Jera mujallun bai dame shi ba kamar wani abu guda. Yana da ɗan ƙaramin Alƙur'ani da mahaifinsa ya ba shi ranar da zai hau jirgi, yakan buɗe shi idan ciniki ya lafa. To ina zai ajiye shi a shagon da matan nan suke saman komai? Kan tebur, suna samansa. Aljihun gaban riga, suna samansa. Ya gwada kan firji, ya ja baya ya auna da ido, ya ga har yanzu sun ɗara shi. Ya bar shi a gida, sai ya wuni kamar wanda ya fito ba takalmi. Daga ƙarshe ya ɗaga allon silin guda ya cusa shi ciki a cikin jakarsa. Shi ke nan fa, kullum hau kujera, sauko kujera, har Manasseh ya sa masa suna mai gyaran wuta.

Bai taɓa gaya wa Rahmatu zancen mujallun ba. Idan ɗaliban Arewa suka shigo sayen katin waya, sai ya cika su da gaisuwa, ya gida, ya jami'a, ya sanyi, don dai kada idonsu ya yi sama. Kunya yake ji, tsakani da Allah, yana kuma jin haushin kansa. Ya sha hawa jirgin ƙasa zuwa Manchester neman aikin da ya karanta, ya dawo da "za mu neme ka".

Shekaru suna tafiya, iyaye suka taso da ƙorafi, wasu manyan kantuna suka ce sai dai a kawo mujallun cikin leda mai duhu. Amma ba wannan ya kashe su ba, waya ce. Samarin da ke shigowa suna sunne kai suka ɗauke ƙafa, abin ya koma aljihunsu. Ƙunshin ya yi ta ramewa, har wata Asabar direba ya sauke jaridu kawai ya wuce.

Sanda bai jira komai ba. Ya wanke kantar da sabulu, ya sake wankewa, ya turara ta, ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya sauko da Alƙur'anin daga silin ya ɗora a kai, babu komai a samansa. Sannan ya zauna, kuma ƙafar nan tasa ta yi shiru.

Da hantsi Rahmatu ta biyo da 'yarsu Raki, haihuwar Salford, wadda Hausarta ke fita da karin harshen Birmingham. Yarinyar ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Baba, me Alƙur'ani ya yi?"

Ya tambaye ta kamar yaya.

"Ai can sama wurin abubuwan da ba a so yara su gani ne. Kowa a class ɗinmu ya sani."

Rahmatu ta dubi kantar, ta dubi mijinta. Daga kallon ya gane ta daɗe da sanin abin da yake jerawa a wurin. Manasseh ma, duk bakin nan nasa, sai ya shiga gyara alewa.

Sanda ya miƙa hannu ya sauko da Alƙur'anin. Ya juya nan, ya juya can yana neman wuri kamar ranar farko, ya dubi firji, ya dubi silin. Sai ya durƙusa a gaban Raki, ya ce ta goge hannuwanta, ya ɗora mata shi a tafukanta. Jaridu da mujallun girki duk suna samansa yanzu, bai ko ɗaga kai ya duba ba.

"Buɗe," ya ce. "Wannan na yara ne su gani."