Babana a Bakin Salansa

Shekara goma sha biyu ke nan cikin wannan watan da rasuwar mahaifina, Malam Umaru, wanda 'yan kasuwar albasa ta Aliero suka fi sani da Umaru Mai Basilla. Idan aka tambaye ni yaushe ciwonsa ya fara, nakan ce ban sani ba, don likita ma bai iya faɗa ba. Amma na san lokacin da al'amarin ya fara lalacewa. Ƙarfe huɗu ne na yamma, an idar da la'asar, a shekara ta biyu da samun jiharmu. Abin da yake ci mini rai har yau shi ne, a wannan lokacin kowa murna yake yi, har da ni.

Ranar ce ƙanensa, Baffa Sani, ya fara shigowa kasuwa da mota a hannunsa. Wani attajiri a Jega ne ya damƙa masa babbar mota mai bodin katako, bayan shekarun da ya yi yana bin wasu direbobi. Baba ne ya rene shi tun rasuwar kakanmu, shi ne kuma ya kai shi koyon tuƙi. Ina wurin, na kawo wa Baba abinci, ban wuce shekara takwas ba. Baba ya ajiye ɗinki ya miƙe, ya koma bayan motar yana yi masa hannu.

"Taho, taho. Karya hagu. Tsaya haka nan!"

Ya tsayar da ita daidai bakin rumfarsa, ya bugi katakon da tafin hannu. "Wanga wuri naka ne, Sani. Nan za ka riƙa lodi, in ɗinke maka da hannuna."

Baffa ya diro suka rungume juna, mutane suna ta yi musu barka. Bai kashe injin ba. Hayaƙin salansa yana bugun ƙafafuna, na ji ɗuminsa har ya ba ni sha'awa.

Ga wanda bai san aikin ba, in yi bayani. Idan an cika buhu da albasa har ta yi tozo, sai a rufe bakinsa a ɗinke da basilla, wato babbar allurar ɗinkin buhu, ta yadda ba zai fashe ba ko da an yi kwanaki a hanyar Kurmi. Wannan ne aikin Baba. A tsugune ake yin sa, kuma a gindin mota ake yin sa, domin buhun da ya cika sai ƙarti biyu ke ɗaga shi, ba mai yarda ya yi dakonsa daga nesa. Kan mutumin da ya tsuguna a bayan babbar mota daidai yake da bakin salansarta.

A shekarun nan hanya ta buɗe, kasuwa ta cika. Manoma daga Danwarai da sauran ƙauyuka suna ta shigo da albasa, motoci suna ƙaruwa kowace kaka. Dukkansu masu shan gas ne, man da wasu ke kira dizal, kuma babu wadda ake kashewa. Tun daga isowarta har a gama lodi, wani lokaci daga hantsi har magariba, injin yana aiki tana tsaye wuri ɗaya. Idan Baba ya dawo gida ya yi alwala, ruwan da ya fyace baƙi ne. Inna, mahaifiyarmu, ta daina saya masa farar hula.

Tarin ya zo a hankali. Da fari da safe kawai, daga baya har cikin salla, sai ya tsaya tsakiyar sura ya nemi numfashi. Da aka kai shi asibiti a Jega, likita ya saurari ƙirjinsa, ya tambaye shi ko yana shan taba. Baba ya ce bai taɓa ba. Ya tambayi sana'arsa, Baba ya kwatanta masa, har da tsugunon. Likitan ya ba shi magani, ya ce maganin ba zai yi komai ba matuƙar yana shaƙar abin da yake shaƙa.

Baba ba mutum ne mai roƙo ba, amma ya je. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya tarar da direbobi a rumfarsu, ya faɗa musu abin da likita ya ce. Bai nemi su bar kasuwa ba, bai nemi su canja wurin lodi ba. Abu ɗaya ya roƙa: idan mota ta tsaya, a kashe ta har a gama ɗinki. Ban je wurin ba, amma ina tsakar gida lokacin da ya dawo, fuskarsa a sake.

"Mi suka ce?" in ji Inna.

"Sun ce an gama. Sani ma har fushi ya yi, wai don mi zan kai maganar gida gaban mutane, ai da na faɗa mai tuntuni."

Ranar kasuwa ta gaba na roƙi Inna ta bar ni in kai abinci da wuri, don ina so in ga yadda kasuwa take idan motoci sun yi shiru. Tun daga nesa na ji rurinsu. Babu ko ɗaya da aka kashe. Na tarar da Baba a tsugune, Baffa yana tsaye a kansa yana sosa ƙeya.

"Yaya, batir ɗin ga ya yi sanyi. In na kashe sai an tura ni, ga kaya a kai. Bari in je in dawo, sai in canja."

Baba ya ce, "To, Allah ya kai mu," ya ci gaba da ɗinki.

Ya je ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa. Wannan direba ya ce batir, wancan ya ce tashin motarsa sai da dabara. Baba bai ƙara tayar da zancen ba. Ya gwada komawa gindin wata bishiya can gefe, ya wuni ba a kawo masa buhu ko ɗaya ba, dillalai suka miƙa wa wasu maɗinka. Mu kuwa ƙanana ne. Sai ya koma rumfarsa, ya samo wani tsohon rawani yana naɗe hanci da baki da shi. Direbobin da suka yi masa alkawari su ne suka mayar da abin wasa.

"Buzu, ina raƙuminka?" in ji wani da ake kira Ɗanjuma.

Baba ya nuna motar da basilla. "Ga shi nan a bayana, tun safe yake sakin iska."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, dariyar ta koma tari har sai da ya dafa buhu. Ina tsaye da kwano a hannu. Na kalli Baffa, ya juya yana duba tayar motarsa.

Damina ɗaya muka yi a Maiyama wurin dangin Inna, lokacin da kasuwar albasa ta yi sanyi. A can na ga abin da ya hana ni yarda cewa ciwon ba shi da dalili. Cikin 'yan makonni Baba ya fara zuwa gona da ƙafa, yana limancin gida ya kai ƙarshen sura bai tsaya ba. Inna ta roƙe shi mu zauna. Ya ce ba shi da gona a can, kuma ba zai zauna surukai suna ciyar da iyalinsa ba. Da aka fara cirar albasa muka koma Aliero. A bazarar shekara ta gaba ya rasu, a zaune, don ya daɗe ba ya iya kwanciya. Cikin maganganunsa na ƙarshe babu ƙorafi a kan kowa. Cewa ya yi mu bi Baffanmu.

Kuma mun bi shi, ya kuma riƙe mu. Dole in faɗi wannan, domin shi ne ya sa abin ya yi mini nauyi. Baffa bai bar mu da yunwa ba. Lokacin da wasu suka ce karatuna ya isa haka, shi ya tsaya ya ce sai na ci gaba. Idan ya dawo daga Kurmi yakan kawo mini littattafai, wasu ma ba su dace da ajina ba, don shi girmansu yake dubawa. Da hannu biyu nake karɓa, in durƙusa in yi godiya, in shiga ɗaki ina jin warin gas a jikin takardun.

Yanzu ina karatu a jami'ar da aka buɗe a garinmu, abin da Baba bai taɓa tsammani ba. A wani darasi na muhalli na karanta cewa akwai birane a Turai da suka shata tsakiyar gari suka ce nan yankin iska mai tsabta ne. An ƙayyade yawan hayaƙin da mota mai shan gas za ta fitar. Wadda ta wuce ƙa'ida ba za ta shiga ba, ko ta shiga a ci ta tara. Akwai ma inda laifi ne ka bar injin yana aiki kana tsaye. Na karanta shafin sau biyu, na rufe littafin na fita daga ɗakin karatu.

Na sha tambayar kaina me Baba zai ce da ya ji wannan. Na san zai fara da dariya: "Har hayaƙi ake aunawa? Da mudu ko da tiya?" Bayan haka ina jin zai gane cewa abin da ya roƙa cikin kunya, kamar mai neman alfarma, a wani wurin haƙƙi ne da hukuma ke ƙwato wa mutum. Da zai leƙa kasuwa yau kuma, zai ga motocin sun fi na zamaninsa girma da yawa, mafi yawansu tsofaffi da aka gama moriyarsu a wasu ƙasashe kafin su iso mana. Zai ga maɗinka a tsugune inda ya bar su. Ɗaya daga cikinsu, Malam Audu, Baba ne ya koya masa aikin, kuma na ji irin tarin da yake yi.

Ba na son in faɗi abin da ba zan iya tabbatarwa ba. Ajali na Allah ne, kuma a wurin akwai ƙurar buhu da ta ɓawon albasa ban da hayaƙi. Ba ni da hujjar cewa da an kashe injinan da Baba yana raye yau. Abin da na sani shi ne ya roƙi ƙaramin abu daga mutanen da yake ɗinke wa kaya, suka amsa masa a ranar Juma'a, suka saɓa. Shekaru na riƙe uzurin batir, don ya fi mini sauƙi in zargi ƙarfe da in zargi wanda yake ciyar da ni.

A babbar sallar da ta wuce ne uzurin ya faɗi. Baffa ya bar tuƙi yanzu, ya zama dattijo a rumfar direbobi. Na kai wa baƙinsa nama a zaure, na tarar yana ba su labarin motarsa ta farko. "Wagga mota," yake cewa, "duk zamana da ita ba a taɓa tura ta ba. Ko kwana nawa ta yi a ajiye, ka murɗa makulli sau ɗaya ta tashi." Na ajiye tire na fita. Bai ma lura ba.

Idan na auna abin da ya rage na Baba, ɗinkinsa yana nan a hannun waɗanda ya koyar, sunansa yana nan da kyau a bakin 'yan kasuwa, ba wanda ya taɓa cewa buhunsa ya fashe a hanya. A wurina kuwa shirunsa na gada. Ana yaba mini da shi, ana cewa na ɗauko haƙurin ubana. Na daɗe ina jin daɗin wannan yabon. Yanzu ina ganin wannan haƙurin ne ya sa ya roƙa sau ɗaya tak, ya sa kuma waɗanda ya roƙa suka ji babu komai. Ba na son in bar wa kowa wannan gadon.

Saboda haka a makon jiya, da aka yi wa Baba addu'a a gida mutane suka watse, na tsaya a ƙofar zaure inda Baffa yake zaune. Ban taɓa fara yi wa Baffa magana ba sai gaisuwa. Na ce, "Baffa, na ji ka ce motarka ba a taɓa tura ta ba. Mi ya hana a kashe wa Baba inji?"

Ya ja carbinsa bai kalle ni ba. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ba ki san kasuwa ba. Albasa ruɓa take yi. Dillali in ya zo, kunne yake sawa. Motar da ya ji ta yi shiru, cewa zai yi ba ta da lafiya, za ta kwana da kayanshi a daji. Wadda ke ruri ita ake zuba wa. Dukkanmu mun san haka ranar da muka amsa mai."

Na ce, "Amma da kun kashe gaba ɗaya, ai ba wanda zai rasa lodi."

"Haka ne."

"To, mi ya hana?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, idonsa ya cika.

"Kowace safiya ina saurare," ya ce. "Wallahi da mutum ɗaya ya fara kashewa, da ni ne na biyu."