Tafintan da Ya Ƙi Cewa "Za Mu Gani"

Kullum yakan riga likitoci isowa asibitin ido. Ya goge kujerar gwaji, ya jawo ɗan bencinsa tsakanin likita da marar lafiya, ya zauna. Yawancin likitocin baƙi ne, Turanci kawai suke ji. Baba Tafinta ne bakinsu, shi ne kuma kunnen marasa lafiya. A watan nan ya ajiye aiki.

Na yi karatu a ƙasar masu harshen, na san yadda suke watsa kalmar "see" ba tare da tunani ba. Asalinta gani. Amma in likita ya ce "I see", nufinsa ya gane. "See you" sallama ce. "We'll see" kuwa sau da yawa nufinta kada ka sa rai. A kasuwa wannan ba komai ba ne. A ɗakin da mutum ke jiran jin ko zai makance, kalma ce mai kaifi.

Wata nas ta ba ni labarin wani tela. Jijiyar idonsa na mutuwa, ganinsa saura kaɗan. Ya tambaya ko zai warke, likita ta ce, "We'll see." Ɗansa mai guntun Turancin makaranta ya miƙe zumbur: "Baba, ta ce za mu gani!"

Tela ya washe baki. "Madalla. 'Yata ta haihu can nesa. Bari in warke tukuna, in je in ga jikata da kyau."

Baba Tafinta ya bi shi har bakin ƙofa.

"Malam tela, amaryar taka fa? Yaushe za ka je?"

"Sai ido ya washe. In je ina lalube ta raina ni?"

"Ba haka likita ta ce ba. Cewa ta yi ba ta sani ba. Ni kuma na daɗe a ɗakin nan. Ka tafi gobe."

Tela ya zage shi tas, ya kira shi mai baƙin baki. Amma ya tafi. Bai daɗe da dawowa ba idon ya rufe.

Taron sallamar Baba bai cika ɗaki ba. Yawancin waɗanda ya yi wa aiki ba sa fita sai an ja musu gora. Tela ya zo. Ya laluba ya kamo hannunsa.

"Mai baƙin baki," ya ce, "goshin marigayiya kakarta ta ɗauko sak. Da na jira, da sai dai a faɗa mini."

Baba, kai ne ka sha zagi a kan ciwon da ba kai ka kawo ba. Kai ne mai isar da magana mai ɗaci ba ƙari ba ragi, ka kuma tsaya tare da mutum har ya haɗiye ta. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri.

Ku da za ku gaje shi, kafin ku juya kalma, ku tambayi kanku abin da mai sauraro zai je ya yi da ita gobe.