Rakiyar Bilal Ba'amurke

Duk wanda ya taɓa kai wa Bilal ziyara a Abbey Wood ya san ba a yin sallama da shi a bakin ƙofa. Kafin ka rufe baki da "bari in tafi", ya riga ya zura takalmi, yana laluben makulli.

Laifina ne, yau dai na amsa a gabanku. Bilal baƙar fatan Amurka ne, Musulmi, ya zo London yin digiri na biyu, ajinmu ɗaya. Ni na fara kai shi cin tuwon Lahadi gidan kawuna, Alhaji Sule, a Tottenham, inda nake zaune. Da ya tashi tafiya, Alhaji ya ɗauki sanda ya taka masa har bus stop, ga ciwon gwiwa. Bilal ya ja ni gefe.

"Ina Baba zai je?"

"Rakiya ce. Haka ake yi wa baƙo."

"Har ina ake kaiwa?"

Na ce, "Iya yadda kake ji da mutum."

Da na san yadda zai riƙe maganar nan, da na ce masa taku goma ne. Ranar da na je wurinsa, ya raka ni tasha, na miƙa masa hannu, sai na ga ya biyo ni cikin jirgin ƙasa ya zauna. Na ce, "Malam, ina zuwa?" Da Hausarsa ta koyo ya ce, "Rakiya bai ƙare ba." Muka yi canji a Liverpool Street, yana biye da ni har ƙofar gidanmu. Alhaji ya ga baƙo, aka kawo shayi, ya sake ɗaukar sanda ya kai shi bus stop. Can kuma Bilal ya ce ba zai bar dattijo ya koma shi kaɗai ba. Sau biyu suna kai da komo kafin Hajiya, matar Alhaji, ta leƙo ta taga ta ce, "Alhaji, in ba a raba ku ba a titi za ku yi Magariba."

Mun yi ta koya masa cewa akwai inda mai rakiya ke ja ya tsaya, ya ce, "To, ni daga nan zan koma, a gai da gida." Ya haddace kalmomin tsaf, amma ban taɓa jin ya faɗe su ba.

Ko Turawa ba su tsira ba. Wani da hukumar unguwa ta turo gyaran boiler, injin ɗumama ruwa, ya gama aikinsa, Bilal ya bi shi hawa uku har ƙasa, har bakin motarsa, ya tsaya yana murmushi. Mutumin ya yi jajawur, ya zuge jakarsa ya zazzage kayan aiki a ƙasa, wai a duba, bai ɗauki komai ba. Bilal ya durƙusa ya taya shi kwashewa, ya dawo yana ce min, "Mutanen nan ba a taɓa raka su ba."

Mun daɗe muna yi masa dariya kafin in san dalili. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Regent's Park, muna cin shinkafa a benci, ya ce ranar da ya baro Amurka mahaifiyarsa tana wurin aiki, an hana ta fita, shi kaɗai ya ja akwatinsa zuwa filin jirgi. Watanninsa ukun farko a London babu wanda ya tambaye shi ya ya kwana. Sai ya ce, "Usman, in na gama karatu, wa zai raka ni?" Na ce masa ya yi booking ɗin tasi kamar kowa. Ya yi dariya, ni ma na yi. Har yau amsar nan tana ci min rai.

Saura wata biyu ya gama, ya faɗi a filin ƙwallo ranar Asabar, bai sake tashi ba. Likitoci suka ce zuciya ce. Mahaifiyarsa ta roƙi a kai mata shi gida. Bayan mun yi masa salla mutane suka fara shirin watsewa, sai Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ina za ku? Rakiya ba ta ƙare ba."

Kun tuna yadda muka jera motoci a bayan wadda ta ɗauki gawar Bilal, ɗalibai da likitoci da Hausawan Zango, har da Hajiya. A ƙofar da ake shigar da kaya cikin filin jirgi mai gadi ya ɗaga hannu, ya ce iyakarmu ke nan. Alhaji ya fito da ƙyar, ya dafa motar. Sannan ya ce, "To, Bilal, mu daga nan za mu koma. A gai da gida."

Allah ya jiƙanka, Bilal, ya ba mahaifiyarka haƙuri. Inda ƙafarmu ta kasa kaiwa, Allah ya sa mala'ikun rahama su ƙarasa maka rakiyar.