Tauraron da Ya Wuce Lokacinsa

Wata Juma'a a watan Maris, shekarar da nake aji huɗu a firamare a Kabo, Goggo Hansai, yayar mahaifinmu, ta ajiye taɓaryarta ta tsaya tana kallon ƙofar ɗakin da ke kusa da rijiya. A saman ƙofar akwai tauraro na takarda mai ƙyalli, da zare mai ja da kore da ke kaɗawa in iska ta taso. "Kirsimeti ta wuce tuntuni," in ji ta. "To wannan kuma na mene ne?"

Ɗakin na Maman Ishaya ne, ungozoma Kirista da ke haya a gidanmu. Kowace shekara takan rataya adonta a Disamba, ta aiko mana da shinkafa da cincin, sabuwar shekara na kamawa ta sauke. A bana ba ta sauke ba. Da farko mun ɗauka mantuwa ce. Da akuyar Inna ta yi ɓari, sannan kaji suka soma mutuwa, sai maganar ta canza. Matan da ke zuwa ɗiban ruwa suka koma zagaye ƙofar. Wata daga Garo ta ce da an buɗe cikin tauraron za a ga abin da aka cusa. Mu yara muka kwashe wasan gaɗarmu muka kai bakin zaure. Ni kam idan ina shara nakan saci kallonsa, ina son ƙyallinsa, ina kuma tsoron son.

Goggo ta matsa wa Baba ya sallami Maman Ishaya kafin damina. Ranar da ya yi sallama a ƙofarta muna tankaɗe a tsakar gida, kowa ya kasa kunne. Bayan doguwar gaisuwa ya tambaye ta yaushe za a sauke kayan. Ta ce, "Malam, a gidanmu wanda ya rataya shi ke saukewa. Ishaya ne ya rataya, ka san soja ne, aka kira shi bakin daga tun hutunsa bai ƙare ba. Ya ce, Mama, bar shi, ni zan sauke. Wayarsa ba ta shiga."

Baba ya juya. Ya fita ya dawo da tsani da ƙusoshi, ya hau ya ƙara kafe zaren, ya lulluɓe tauraron da leda saboda ruwa. Goggo ta ce, "Yanzu kuma kai ne mai gadinsa?" Ya ce, "Yaya, riƙe min tsanin."

Sai da gero ya fitar da kai Ishaya ya dawo, a rame, yana dogara sanda. Tauraron ya koɗe ya zama fari. A hankali Ishaya ya hau, Baba na riƙe da tsani, uwarsa na riƙe da gefen rigarsa. Goggo ta kai musu fura, amma ta ce a dai buɗe cikin abin a gani. Aka buɗe. Gidan zanzaro ne kawai.

Yanzu a birni nakan ga shaguna sun kwashe adonsu cikin yini ɗaya, kamar ba a taɓa ratayawa ba. Amma idan na hangi wata ƙofa da adonta ya wuce lokaci, nakan rage tafiya, in ce a raina: Allah ya dawo da wanda ake jira.